Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya

Ɗana, na ga hoton da ka turo. Ƙanwarka ce ta buɗe mini a wayarta, don idona ya daina shiri da ƙananan rubutu. Sifiku biyu dogaye, katakonsu sai sheƙi yake kamar an shafe shi da man shanu. Allah ya sanya alheri. Ka gina ɗakinka a nan Dutsi kusa da iyayenka, ba ka ce sai birni ba. Wannan kaɗai ya isa a sa maka albarka.

Ka ce saura amfilifaya. Ka ce wani abokinka ya nuna maka mai wat 5000, kuma da araha. Ka nemi shawarata. To, gyara zama. Maganar da ɗan tsawo, ni kuma tsoho ne, ba na sauri.

Bari in fara da wautata, don kada ka ɗauka wayo na fi ka. Shekaru kawai na fi ka, da kuma asara.

A 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Ku ba ku ga wannan zamani ba. Albashi aka ƙara, aka haɗa da bashin watanni, aka zuba mana a hannu lokaci guda. Ina ƙaramin malamin makaranta a cikin Katsina, ban yi aure ba. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Ni kuwa sai na hau mota zuwa Kano, na zarce kasuwar Sabon Gari. Na ga wasu sifiku manya, tsayinsu ya kai ƙuguna. Raina ya biya. Na zube kusan duk kuɗin a kansu. Da canjin da ya rage na shiga wani shago na ɗauki 'yar ƙaramar amfilifaya. A raina na ce, ai ƙarami ba ya cutar da babba.

Wata uku ina jin daɗina a ɗaki. Faifan Shata nake sawa bayan isha'i, a hankali, ina gyaran littattafan yara. Sai bikin wani abokina ya zo. Aka ce Malam ya kawo kayan sautinsa. Ka san ƙuruciya. Muka fitar da su tsakar gida, mutane suka cika, hayaniya ta yi yawa. Aka ce a ƙara. Na ƙara. Aka ce ba a ji. Na murɗa har ƙarshe. Sautin ya koma kamar ana yaga ƙyalle, amma kowa na tafi, ni ma ina ta washe baki. Can sai na ji wani ɗan ƙauri, irin na gashi in ya taɓa wuta. Ban kula ba.

Washegari na mayar da su ɗaki na kunna. Ga Shata nan yana waƙa, amma kamar an rufe shi cikin rumbu. Ƙarar makaɗi a kan fatar kalangu ta ɓace. Na kai wa wani mai gyaran rediyo, dattijo mai gilashi ɗaure da zare. Ya kwance 'yar ƙaramar sifikar sama, wadda ake kira tuwita. Ya zaro wani naɗin waya, siririya kamar gashin jariri, ta yi baƙi ƙirin. Ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Malam, ƙaramin inji ne ya kashe maka babbar sifika." Na yi dariya, na ce yaya za a yi akuya ta kashe raƙumi? Bai yi fushi ba. Ya ɗauki alli ya zana mini a kan teburinsa.

Ga abin da ya nuna mini. Sauti tafiya yake kamar igiyar ruwa, ya hau a hankali ya sauka a hankali. Kowace amfilifaya tana da iyakar da za ta iya hawa. In ka matsa mata ta wuce iyakar, ba za ta ce maka ta gaji ba. Sai ta riƙa sare kan igiyar, ta mai da shi shafaffe. Wannan saran shi ne yagar ƙyallen da na ji. Yana zuwa da ƙara mai kaifi da zafi mai ɗorewa, kuma tuwita ce ke shan wahalarsa. Ita kuwa wat kaɗan take iya ɗauka. Babbar ta ƙasa, wufa, tana da jiki, tana jurewa. Ƙaramar ce ke mutuwa. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Tawa ma ba zaƙi ta yi ba, kuka ta yi ta yi, ni ne ban saurara ba.

Kada ka ce to shi ke nan, sai a nemo mafi girma. Babbar amfilifaya ma tana kisa, in hannun mai ita ba shi da hankali. Takan tura takardar wufa gaba da baya har ta wuce gejinta, ka ji tana bugun ƙarfe, ƙwas, ƙwas. In ka ji haka, rage nan take. Amma a tsawon rayuwata, sifikun da na ga sun mutu a hannun ƙaramin inji da aka ƙure sun fi yawa.

Ka tuna shekarar da muka je kasuwar Mai'aduwa da babanka sayen shanun huɗa? Kana yaro, kana riƙe da rigata. Ka nuna wani bijimi ƙato ka ce shi za mu saya. Babanka ya yi murmushi, ya wuce. Abin da yake nema biyu ne masu kai ɗaya, tafiyarsu ɗaya, waɗanda za su ja garmar da muke da ita a irin jigawar da muke nomawa. In ɗaya ya fi ɗaya, kunya karkacewa take. Haka wannan lamari yake. Sifika ita ce garma da amalanke, amfilifaya ita ce shanun. Tunda ka riga ka sayi sifiku, su za ka fara tambaya me suke so. Kuma sun faɗa, a rubuce yake a bayansu, kusa da inda ake ɗaura waya.

Juya ɗaya ka duba. Za ka ga lamba da wata alama kamar kofaton doki. Om ke nan, sunan wani Bajamushe ne, Georg Ohm, wanda ya fitar da ƙa'idar a 1827. Yawanci za ka ga 8, ko 6, ko 4. Nan mutane ke ruɗewa, don suna zaton ƙaramar lamba ita ce mai sauƙi. A'a. Om kamar bakin tulu ne. In lambar ta yi ƙasa, bakin ya yi faɗi, wuta za ta riƙa kwarara da yawa. Sifika mai om 4 tana zuƙar ninki biyu na abin da mai om 8 ke zuƙa. In amfilifayar ba a gina ta don haka ba, sai ta yi zafi, ta riƙa ɗaukewa, wata rana ta ɗauke ba ta dawo ba.

Kuma lambar nan ba tsayayya ba ce. Sifikar da aka rubuta wa 8 takan faɗo zuwa 4, ko ƙasa da haka, a wasu muryoyin, musamman wajen amon ƙasa. Shi ya sa nake son amfilifayar da masu ita suka rubuta ƙarfinta a wuri biyu. Misali su ce wat 60 a om 8, wat 100 a om 4. In ka ga lambar ta tashi sosai haka, to injin yana da ƙashi. In kuwa sun yi shiru a kan om 4, ko sun rubuta a baya cewa kada a sa ƙasa da 8, ka yarda da su. Sun fi ka sanin abin da suka ƙera.

Wani abu kuma, tunda na san halinku. Wata rana za ka ce bari in ƙara wasu sifiku biyu a zaure, ka murɗe wayoyinsu tare da na ɗaki a rami ɗaya. Biyu masu om 8 in aka haɗa su haka sun koma 4. Biyu masu 4 sun koma 2. Kaya ke nan aka ninka wa jaki ba a tambaye shi ba.

Sai lamba ta biyu, wadda ba kowa ke kallo ba, alhali ta fi wat muhimmanci. Za ka ga an rubuta kamar 87 dB ko 90 dB. Desibel ke nan. Ma'anarsa, in aka ba sifikar wat ɗaya tak, aka tsaya mita ɗaya a gabanta, ga yawan ƙarar da za ta yi. Wata sifikar kamar yaron kirki ce, da ka yi magana a hankali ta amsa. Wata kuwa sai an yi ta tsawa. Bambancin desibel 3 kawai yana nufin ninkin wuta. Mai 87 tana bukatar wat 100 ta yi abin da mai 90 za ta yi da wat 50. In bambancin ya kai 10, ninki goma ke nan.

Bari in ba ka misali da sanannu biyu. Akwai wata 'yar ƙaramar sifika da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970, don sauraron shirye-shirye a cikin motocin aikinsu, sunanta LS3/5A. Ba ta fi bulo girma ba. Har yau masu son sauti na neman ta da tsada, saboda yadda take fitar da muryar mutum tsaf. Amma desibel ɗinta wajen 83 ne. Akwai kuma wata ƙatuwa ta Amurka, Klipschorn, da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946, ana ajiye ta a kusurwar ɗaki. Tata lambar ta kai wajen 105. Ƙatuwar nan, wat biyu sun ishe ta ta cika gida. Ƙaramar kuwa, kafin ta yi irin wannan ƙara sai an ba ta fiye da ninki ɗari, kuma kafin nan ta ƙone. Ka ga girman jiki bai gaya maka komai ba.

Yanzu mu dawo kan wat 5000 na abokinka. Ba na zarginsa. Shi ma abin da aka rubuta a kwali ya karanta. Ka koma ka duba, kusa da lambar za ka ga wasu haruffa ƙanana, PMPO. Wannan awo ne na ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Holoƙo ne, hadarin kaka. Wanda za ka nema shi ne RMS, ƙarfin da injin ke iya riƙewa yana tafiya ba tare da ya shaƙe ba. Rikicin nan tsoho ne. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa rubuta ƙarfin amfilifaya, saboda ƙaryar ta yi yawa.

Ga wata dabara da ba ta bukatar boko. Juya injin, ka duba kusa da inda wayar wuta ta shiga. Akan rubuta yawan wutar da yake ci. In yana cin wat 60, ta ina zai ba ka 5000? Saniya ba ta ba da nonon da ya fi abin da ta ci. Ka kuma ɗaga shi. Irin na da, masu taransifoma a ciki, nauyinsu na faɗin gaskiyarsu. In ka ɗaga da yatsa biyu kamar gwangwanin madara, ka yi tambaya da kyau. Na ce ka yi tambaya, ban ce ka gudu ba, don akwai wani sabon iri da ake kira Class D, marar nauyi, marar zafi, mai cin wuta kaɗan, kuma cikinsu akwai na ƙwarai. Ga mai sola irinka ma sun fi dacewa.

Za ka yi mamaki in na ce maka a ɗaki irin naka, kana zaune kana saurare cikin natsuwa, wat ɗaya ko biyu kake ci. Sauran ajiya ce. Lokacin da makaɗi ya sauke hannu da ƙarfi, ko 'yan amshi suka ɗauka gaba ɗaya, sai bukatar ta yi tsalle ninki goma ko fiye, na ɗan lokaci. Don wannan tsallen ake sayen wat 60 ko 100. Kamar hatsin rumbu ne, ba kullum ake taɓa na ƙasa ba, amma ranar da baƙi suka sauka sai a gode Allah da yana nan. Kuma daga wat 50 zuwa 100 ƙarin kaɗan kunne ke ji. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai wuta ta ninka sau goma. A 1978 wani kamfani mai suna NAD ya fitar da wata amfilifaya, 3020, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane gefe. Ta yi suna a duniya, don tana jan sifikun da masu manyan lambobi ke kasawa.

In masu sifikarka sun rubuta, misali, daga wat 30 zuwa 120, ka nemi wadda ke tsakiya zuwa sama. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ka kuma tambaye ni wancan akwatin na biyu da ka gani a shago, wanda suke kira firi'amf, ko dole ne. Ni zagi nake ce masa. Ka sha ganin hawan Sallah a Daura. Doki ke da ƙarfi, amma zagi ke gaba, shi ke share hanya, shi ke cewa a bi nan, a tsaya nan. Aikin wannan akwati ke nan. Shi ke zaɓar abin da za a ji, faifai ne ko rediyo ko waya. Shi ke riƙe da maɓallin ƙara da ragewa. Sannan ya miƙa wa babban injin, wanda ba ya komai sai ja.

Zagi da doki ma sai sun san juna. In zagin ya cika zafi, da ka ɗan taɓa maɓalli sai ɗaki ya ɗauka, ba ka da wurin daidaitawa, kuma in an yi shiru ka riƙa jin wani huci, sssss, daga sifika. In kuma ya yi sanyi, ka murɗa har ƙarshe dokin bai tashi ba. Yawancin manyan injuna bolt ɗaya zuwa biyu suke jira kafin su ba da dukan ƙarfinsu, na'urar CD kuma bolt biyu take fitarwa. Akwai wata ƙa'ida da masu aikin ke bi. Om ɗin ƙofar shiga ta babban inji ya ninka na ƙofar fita ta zagi aƙalla sau goma. In bai kai ba, amon ƙasa yakan rame.

Shawarata, a karon farko kada ka raba su. Akwai wadda aka haɗa zagi da doki a akwati ɗaya, masu ƙerawa sun riga sun sasanta su. Kuɗin da za ka kashe a kan akwati biyu matsakaita, ka zuba shi a kan guda ɗaya mai kyau. In Allah ya ƙara buɗi, kunnenka kuma ya ƙara wayewa, sai ka raba. Sauri ya haifi nawa.

Faya-fayan garmahona suna nan cikin adaka, na san idonka na kansu. Zan ba ka. Amma ka sani, allurar garmaho muryarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ta CD ba. Kuma lokacin yanka faifai akan rage amon ƙasa a ƙara na sama, bisa wani ma'auni da aka daidaita a kai tun 1954. Dole a sami mai mayar da shi yadda yake. Don haka ka duba bayan injin ko akwai rami da aka rubuta wa Phono. In babu, akwai ɗan ƙaramin akwati da ake saya daban. In ka cusa garmaho a ramin CD, za ka ji Ɗanƙwairo can nesa kamar sauro, ka ce faifan Kawu ya lalace.

Haka nan waƙoƙin da kuke turawa juna a waya, wannan ya tura wa wannan, har sun gaji da tafiya. Inji mai kyau ba ya gyara su. Tona musu asiri yake. In za ka kashe kuɗi a kan sifika, ka nemi sauti mai tsabta ka ba ta.

Kada kuma wani ya ce maka ka ɗauki irin amfilifayar masallaci, su Ahuja da TOA, wai sun fi ƙarfi. Injuna ne masu amana a wurin aikinsu. An yi su don su kai muryar ladan ƙarshen unguwa ta doguwar waya. Da yawansu baki ɗaya gare su, ba dama da hagu. A bayansu kuma akwai wurin da aka rubuta 70V ko 100V, na lasifikar kan hasumiya ne mai nata taransifoma. In ka ɗaura sifikar ɗaki a nan, ka yi mata sallama. Ƙwarya ta bi ƙwarya, ɗana. In ta bi akushi ka san sauran.

Sai maganar wuta, wadda Turawan da suka rubuta littattafan kayan sauti ba su san da ita ba. Wutarmu bolt 230 ce a takarda. A zahiri kuwa ka sani, wani lokaci ta zo kamar kyandir, wani lokaci ta zo da fushi. In za ka sayi na hannu, irin wanda ake saukewa a Alaba ta Legas a kawo Kano, ka karanta bayansa kafin komai. Kayan Amurka bolt 120 ne, na cikin gidan Japan 100. In ka soka su a bangonmu kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Wasu suna da ɗan maɓallin sauyawa a baya, wasu sai da taransifoma mai rage wuta. Ka sa istabilaiza mai ƙarfin da ya fi bukatar injin. In da inbata za ka yi amfani, ka tambayi mai haɗa maka sola ko mai tsabtatacciyar wuta ce, don ƙananan masu arha sukan sa taransifoma gurnani da zafi. Ƙaramin janareto kuwa, ka bar shi ga fanka da ƙwan fitila. Da hadari ya haɗo aka fara walƙiya, zare filogi gaba ɗaya. Kashewa kaɗai ba ta isa.

Wajen kunnawa, babban inji ne na ƙarshe. Wajen kashewa shi ne na farko. Babba ai shi ke shiga daga baya, ya riga kowa fita. In ka saɓa, za ka ji wani dum a sifika, kuma kowane dum yana rage mata kwana. Kada ka taɓa waya inji na kunne. Silin waya ɗaya in ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi, ya isa ya kashe amfilifaya. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka biyun. In ka juya ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, amon ƙasa ya ɓace, ka rasa inda mai waƙa yake tsaye. Wayar kanta ba sai mai tsada ba. Ta jan ƙarfe ce mai ɗan kauri, kada ta yi tsawon banza. Wasu na sayar da waya da kuɗin saniya. Ka gaishe su ka wuce.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗin. Zafin bazara yakan haura 40, inji kuma numfashi yake ta ramukan samansa. Na san gwaggonka, da ta ga abu mai kyau sai ta ɗinka masa mayafi ta ɗora fulawar roba. A rufe shi in yana kashe, saboda ƙurar hunturu. In yana aiki a buɗe, a bar masa sarari kamar tafin hannu a sama da gefe. Maɓalli in ya fara ƙarar yashi lokacin murɗawa, ƙura ce, mai gyara zai wanke maka.

Wata shekara na yi tafiya ta wata biyu. Da na dawo sai na ji sifikar hagu ta shaƙe, kamar mai mura. Na duba waya, na duba inji, ban ga komai ba. Har na fara lissafin kuɗin gyara. Sai na haska tocila cikin ramin nan na baya da iska ke fita. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, ɗaki uku jere, da laka mai kyau. Na ce, bawan Allah, kai ma ka san wuri mai kyau. Na fasa ginin da tsinke a hankali, murya ta dawo. Tun daga ranar nake leƙa ramin duk wata.

Ɗakin naka na gani, tayil ne a ƙasa, bango siminti, ga gilashi. Kyau kam akwai. Amma tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji tafin ya yi wutsiya, to haka kowace waƙa za ta yi. Ɗakin kakarka na ƙasa, mai rufin azara da tabarmi da jeren ƙwarya, ya fi naka daɗin sauti, ko ka yarda ko kada ka yarda. Ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun. Ka sa labule mai nauyi. Ka janye su daga bango kamar kamu ɗaya ko biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujerarka, kamar duwatsun murhu. Wannan gyaran kusan kyauta ne, kuma ya fi ƙarin wat ɗari amfani.

In ka je saye, kada kunya ta hana ka. An ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa ji ne ke korar gani. Fitilu masu rawa da allurai masu kaɗawa ba sa waƙa. In da hali ka ɗauki sifikunka a mota ka je da su, ko ka yi sharaɗi da mai shago cewa in ba su jitu ba za ka dawo da kaya. Ka tafi da abin da kunnenka ya haddace. Ka sa Ɗanmaraya Jos. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani, ba inda inji zai ɓuya. In ka ji yatsa na taɓa tsirkiya, da kyau. Ka sa kotson Ɗanƙwairo, ka ji ko kowane bugu na tsayawa da ƙafarsa ko sun cakuɗe sun zama gurnani. Sannan ka sa karatun Husari ko Abdulbasit. Muryar mutum ita ce alƙali, don ita kunne ya fi sani. In sin da sad suka fito daban, numfashin mai karatu ya fito ba kaifi, to ka samu.

Mai shago zai so ya ƙure maka murya, don duk abin da ya fi ƙara yakan yi kamar ya fi daɗi. Ka ce ya rage. Inji na ƙwarai a ƙasa-ƙasa ake gane shi. Ka zauna minti ashirin. Bayan nan ka ɗora hannu a samansa. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin hannunka a kai, ka tuna a Dutsi zai zauna, cikin watan Afrilu.

Saura kunnenka. Kunnena na hagu ya tafi rabi, kuma na san inda na kai shi. Masana lafiya sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas a wurin aiki, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Tuwita in ta ƙone ana naɗa wata. Abin da ke cikin kunne in ya mutu ba ya tsirowa. In kana saurare, matarka ta yi magana daga bakin ƙofa ba ka ji ba, ya yi yawa. Ga jariri a gidan, nasa kunnen ya fi naka taushi. Ga kuma maƙwabta. Tsohon da ke bayan katangarka ba ya barci da wuri, kuma ba zai taɓa yi maka magana ba, saboda yana jin nauyin babanka. Amon ƙasa yana ratsa bango fiye da yadda kake zato. In an kira salla ka kashe. Na san za ka yi, tarbiyyarka ce, tuni kawai nake.

Kafin ka ba kowa ko kwabo, ka ɗauko mini hoton bayan sifikun, inda rubutun yake, ƙanwarka ta karanta mini lambobin. In ka shigo ranar Juma'a ka biyo ta gida bayan la'asar. Ka zo da mota, adakar faya-fayan tana da nauyi. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa mini kan maigidana.